Faifai, asusun kanka, ko na haɗaka: wanne ya fi wa ɗan gem a Legas?

Ɗan yayata ya yi wata tara yana taya wani bawan Allah tsaron shagon kayan waya a Agege, yana matse ɗan abin da ake sallamarsa da shi, har ya sayi PS5 na hannu, na'urar buga gem ta kamfanin Sony. Ranar da ya kawo shi gida, a tsakar ɗaki ya ajiye kwalin, yara suka zagaye shi kamar an kawo amarya. Sai da murna ta lafa ya lura cewa babu gem ko ɗaya a ciki, in ban da ɗan wasan mutum-mutumin nan da Sony take sakawa tun daga kamfani. Bayan isha'i ya kira ni. "Kawu, faifai zan saya ne, ko in karɓi akawun a wajen yaran nan na WhatsApp? Sun ce ko rabin kuɗin faifai bai kai ba."

Na ce ya dakata tukuna, kada ya tura wa kowa ko sisi. Abin da na zayyana masa a daren nan da washegari shi zan shimfiɗa a nan, don duk wanda ya riƙe hannun gem a garin nan, daga Zangon Agege har Idi-Araba da Alaba Rago, ya taɓa cin karo da wannan tambaya.

Tushen maganar kuɗi ne. Sabon gem na manyan kamfanoni dala 70 ne a kantin PlayStation na intanet, in aka bar ɗan kwabon da suke ragewa don yaudarar ido. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, gem guda ya zarce dubu ɗari. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa dubu 70 ne, na jihar Legas dubu 85. Wato ma'aikaci ya yi wata cur yana bin BRT da asuba, albashinsa bai sayi wasan ƙwallo ɗaya ba. Sannan ga wani ƙarin ciwon kai: Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Sony ta buɗe wa kantinta. Afirka ta Kudu tana ciki, mu babu. Shi ya sa kusan kowa a nan asusunsa na PlayStation, wato akawun, na Amurka ne ko na Ingila, da adireshin garin da bai taɓa takawa ba. Ni kaina a rubuce mazaunin Oregon ne, don an ce jihar ba ta ɗora harajin saye. Ƙasar da ka zaɓa ranar buɗe asusu kuwa ita ce taka har abada, ba a canzawa. Katin bankinka na naira ba zai shiga asusun Amurka ba, dole ka sayi katin kuɗin PlayStation na dala a hannun dillali, ya turo maka lambobi goma sha biyu, ka loda. Dillalin ma da nasa farashin canjin.

To, faifai. Shi ne hanyar da na fi sani kuma na fi yarda da ita, amma ba zan rufe aibinta ba. Alherinsa ɗaya ne babba: naka ne a hannu. Ka gama wasan, ka shiga Computer Village ta titin Otigba, ko ka gangara Alaba International idan kana ɓangaren Ojo, ka ba da shi a yi maka musaya da wani, ka cika ɗan abin da ya sawwaƙa. Abokinka ya ara na mako biyu, babu wanda zai tambaye ka kalmar sirri. Sabis ya ɗauke, ruwan Yuli ya zuba ya kashe na'urar intanet ɗin gidan, wasanka yana nan yana ci muddin akwai wuta ko mai a janareta. Galibin nauyin gem ɗin daga faifan yake sauka, ba daga datarka ba, kuma tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowa ya koyi lissafin gigabait.

Aibinsa kuwa, na farko, faifai ɗaya gida ɗaya yake kwana. Dole yana cikin na'ura kafin wasa ya tashi, ko da an gama sauke shi. Na biyu, ba ya raba ka da data kwata-kwata, domin in za ka buga da mutane a intanet sai ka sauke gyare-gyaren da suke fitarwa, wani lokacin masu nauyin gaske. Na uku shi ne wanda ke kama mutane ba shiri: faifan kansa ba shi da shinge, na Turai yana aiki a na'urar Amurka, amma ƙarin kayan da ake saya a cikin gem sai ƙasar faifai ta yi daidai da ƙasar asusu. Ka sayi faifan Turai, ka sayi ƙarin a asusun Amurka, kuɗinka ya tafi a banza. Kuma kafin duk wannan, duba ko na'urarka tana da bakin faifai ma. Akwai PS5 da ba shi da shi, haka Xbox Series S. Siririn PS5 da ya fito ƙarshen 2023 ana iya saya masa bakin daban a maƙala, sai dai ranar farko sai an haɗa shi da intanet ya yi rajista. Na ɗan yayata Allah ya taimake shi, mai baki ne.

Yanzu ga maganar haɗaka, inda ake tafka mafi yawan asara, don mutane suna biyan kuɗi ba tare da sun san abin da suka saya ba. Yadda abin yake shi ne, duk gem ɗin da aka saya ta intanet a jikin asusu yake, ba a jikin na'ura ba. Sony ta ba kowane asusu damar naɗa PS5 guda ɗaya a matsayin na gida. A wannan na'urar, kowa da kowa zai iya buga gem ɗin da nasa asusun, ko da babu intanet. Mai asusun kuma yana iya zuwa wata na'urar daban ya shiga ya buga, amma a can shi kaɗai ne, da sunansa, kuma sai da intanet a kunne don a riƙa tabbatar da lasisi. An yi tsarin ne don mutum ya bar iyalinsa suna wasa a falo, shi kuma ya je gidan aboki ya ci gaba. Masu dabara suka ga cewa saye ɗaya zai iya ciyar da na'ura biyu a lokaci guda. Daga nan aka samu abin da 'yan kasuwar ke kira firamare da sakandare, kamar ana maganar makaranta.

Mai firamare shi ne wanda aka naɗa na'urarsa. Yana buga wasa da asusun kansa, ci gabansa da kofunansa suna taruwa a sunansa, sabis ya tafi ko ya dawo babu ruwansa. Shi ya sa ya fi tsada. Mai sakandare kuwa ɗan haya ne a ɗakin wani: da sunan mai asusu yake wasa, duk abin da ya tara a can yake zama, kuma da zarar intanet ya yi tari sai hoton kwaɗon kulle ya fito a kan gem ɗin, ya ƙi buɗewa. A Legas, inda sabis kan ɓace in hadari ya taso, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma kashi na uku, wanda ake ce maka a naɗa na'urarka, ka sauke gem, sannan ka cire ta daga intanet kada ka sake haɗawa. Dalili shi ne mai asusun zai je ya naɗa na'urar wani, sannan ta wani. Ranar da ka manta ka kunna intanet, ranar kwaɗo zai rufe.

Na san wannan ne da jikina. Shekarun baya na sayi sakandare na wasan ƙwallo a hannun wani mai talla, mutum mai daɗin baki, kowace magana sai ya ce "babban yaya". Wata biyu abin yana tafiya lafiya, har na tara ƙungiya mai kyau a ɓangaren nan da ake haɗa 'yan wasa da kati. Wani daren Asabar abokai uku suka zo ɗakina, an sayo tsire a bakin titi, an dafa shayi. Ina minti na saba'in, ina gaba da ci ɗaya, sai allo ya yi duhu, rubutu ya fito wai an fitar da ni don wani ya shiga asusun a wata na'ura. Na koma, na fitar da shi. Ya dawo, ya fitar da ni. Haka muka yi ta ja-in-ja da mutumin da ban san ko a Surulere yake ko a Fatakwal ba, abokaina suna ta dariya suna cinye tsiren. Ashe gurbin da aka sayar mini, an sayar wa wani. Bayan kwana uku aka canza kalmar sirri gaba ɗaya. Na aika saƙo, alama ɗaya ce ta tsaya, har yau ba ta zama biyu ba. Kuɗin bai dame ni kamar ƙungiyar da na yi dare sittin ina ginawa ba. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Kuma babu inda za ka kai ƙara. Sharuɗɗan Sony sun hana ba wani bayanan shiga asusunka, balle sayar da shi, don haka in ka je gare su kai ma mai laifi ne. Mai imel ɗin da aka buɗe asusu da shi shi ne mai asusu, ko nawa ka biya. Yana da ikon shiga shafinsu ya sauke duk na'urorin da aka naɗa a lokaci ɗaya, abin da ake yarda a yi sau ɗaya duk wata shida. Wani abin da ya fi wannan muni, wasu asusun da katin sata ake cika su. Mai katin ya farga ya sa banki ya janye kuɗinsa, sai a rufe asusun, duk wanda ya sayi gurbi a ciki ya tashi a tutar babu. In ka ga sabon gem na dala 70 ana ba ka shi a kuɗin kwanon shinkafa biyu, tambayi kanka daga ina ragin ya fito. Malamai kuma kan tunatar cewa Musulmi yana kan sharaɗin da ya ɗauka, mu kuwa dogon rubutun nan ko layi ɗaya ba mu karantawa muke danna "na yarda". Wannan na bar wa kowa da zuciyarsa.

Amma ba duk haɗaka ce ɗaya ba. Wadda na ga ta ɗore ita ce ta mutum biyu kacal, waɗanda in rigima ta tashi akwai babban da zai kira su ya zaunar. Ni da ƙanena da ke Kano mun shekara uku a haka. Ni na naɗa na'urarsa a asusuna, shi ya naɗa tawa a nasa. Abin da na saya yana bugawa da sunansa, abin da ya saya ina bugawa da sunana, kuɗi kuma muna rabawa biyu. Abin da mutane ba sa lura da shi a nan: gem ɗin da ka saya da kuɗinka, shi ne wanda ba za ka iya bugawa ba in sabis ya ɗauke, domin a asusunka na'urar ɗan'uwanka ce ta gida. Don haka muka yi yarjejeniya, wasan da na fi so shi zai saya a nasa asusun in tura masa rabona, wanda ya fi so ni zan saya. Har wa yau wannan ma ba abin da kamfani ya shirya tsarin dominsa ba ne, kuma ranar da suka ga dama za su iya ƙara ɗaure shi. Sai dai aƙalla na san gidan wanda ke riƙe da kalmar sirrina, kuma uwarmu ɗaya.

Bari in ɗan ratse, domin a nan ne abin ke ba ni dariya da haushi a tare. Duk kamfanonin nan a kan kalma ɗaya suka gina dokokinsu, wato gida. Netflix, wadda a 2017 ta taɓa wallafa cewa ƙauna ita ce raba kalmar sirri, ita ce a Mayun 2023 ta fara tsaurara hana rabawa a ƙasashe fiye da ɗari, daga baya ta faɗaɗa zuwa saura. Gida a wurinta shi ne inda talabijin yake da intanet ɗin da yake amfani da shi. Spotify, da ta shigo Najeriya a Fabrairun 2021, tsarin iyalinta mutum shida ne, amma a adireshi ɗaya. Steam, kantin gem na masu kwamfuta, ya fito da nasa tsarin iyalin a 2024, shi ma mutum shida, wanda ya fita sai gurbinsa ya shekara kafin a cike shi, kuma in ƙanenka ya yi maguɗi da gem ɗinka, har kai za a hukunta. Xbox kuwa sau biyar a shekara ta yarda ka canza na'urar gida. To su gida a wurinsu mutum huɗu ne da ƙofa ɗaya. Namu gidan fa? Uba yana Mile 12 yana sauke albasa da tumatir, uwa tana Funtuwa, babban wa yana tuƙa tirela tsakanin Apapa da Maiduguri, ƙanwa tana karatu a Zariya, kuma duk tukunya ɗaya ce. Mu da muka tashi kaset ɗin fim ɗin Indiya guda yana zaga unguwa har sai hoton ya fara rawa, yanzu ake ce mana ɗan'uwanka na ciki ɗaya baƙo ne don ba ku kwana a lamba ɗaya. Ban ce dokar ba ta da dalili ba. Na ce dai ba da mu aka auna ta ba.

Saura hanya ta uku, ka buɗe asusunka kai kaɗai, ka saya da kuɗinka. Ita ce mafi tsada a ranar farko, kuma abin da ka saya ba ya sayuwa, ba ya musayuwa, ba ya aruwa. Amma tana da wurin da take yin nasara: haƙuri. Kantin yana yawan yin ragi, musamman ƙarshen Nuwamba da lokacin hutun ƙarshen shekara, gem ɗin da ya shekara biyu yakan faɗo ƙasa da rabin kuɗinsa. Ga kuma PS Plus, tsarin Sony na biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara, wanda tun Yunin 2022 aka kasa shi hawa uku. Hawan farko shi ne dole ga mai son buga gem na kuɗi da mutane a intanet, kuma duk wata suna ba da wasu gem kyauta muddin kana biya. A Mayun 2024 har wasan ƙwallo na FC 24 suka bayar. Hawa na biyu yana buɗe maka rumbu mai ɗaruruwan gem, sai dai kowanne sai ka sauke shi da datarka, kuma ranar da ka daina biya duk su rufe. In gidanku akwai intanet marar iyaka, wannan hanyar tana da daɗi. In da waya kake ba na'ura sabis, manta da ita. PS5 na farko ma wajen gigabait 667 ne kawai ake iya amfani da shi a cikinsa, manyan gem biyar ko shida sun cika shi.

Masu fasa tsohon PS4 su loda masa gem rututu, wannan ba zan tsaya a kai ba. Na'urar ta yi bankwana da intanet ke nan, kuma kowa ya san sunan abin.

Wanne za a zaɓa, ya danganta da abin da kake bugawa, kuma mu faɗi gaskiya, mutum tara cikin goma da na sani ƙwallo suke bugawa. Har yau FIFA muke ce masa, duk da cewa tun Satumban 2023 EA, kamfanin da ke yin sa, ta rabu da sunan ta koma FC, kamar yadda muke ce wa masu wuta NEPA shekara da shekaru bayan an canza musu suna. Wasan ƙwallo kuwa kamar tumatir yake, ba ya ajiyuwa. Duk ƙarshen Satumba sabo yake fitowa, na bara ya faɗi warwas. Wanda ya saka faifan FC 24 yau zai tarar da Mbappé yana PSG, Osimhen yana Napoli. Idan kai mai gasa ne a intanet, kana son sabo a makon da ya fito, to raba kuɗi da ɗan'uwa ɗaya amintacce ya fi maka, don faifan ma bayan shekara ba za ka mayar da abin kirki ba. Idan kuwa wasanka na ɗaki ne, hannu biyu, aboki a gefe, wanda aka ci ya miƙa hannu, faifan bara na hannu ya ishe ka, ƙwallon ɗaya ce. Wanda aljihunsa ya yi sanyi gaba ɗaya kuma, ga eFootball nan, tsohon PES da muka sha bugawa a gidajen gem, tun 2021 kyauta ne, kuma gem na kyauta ba ya buƙatar PS Plus kafin a buga shi a intanet. Masu dogayen wasannin labari, irin wanda za ka yi wata kana bi ka gama ka ajiye, babu abin da ya kai musu faifai, don kuɗi ɗaya yana iya zagayawa gem uku ko huɗu ta hanyar musaya. GTA V ma da ya fito tun 2013 har yanzu faifansa yana da mai saye a kasuwa.

Mai gidan gem shi nasa lissafin daban ne, amma amsar ba ta canza ba. Mutumin da ke biyan haya, yana sayen fetur tun bayan cire tallafi a Mayun 2023, ko yana layin Band A da aka ninka wa kuɗin wuta fiye da sau uku a Afrilun 2024, ba zai so kwaɗo ya fito a allo yara shida suna jiran layi ba. Faifai ga kowace na'ura, ko asusun da imel ɗinsa ke hannunsa.

Washegari muka shiga Ikeja da yaron. Ya sayi faifan ƙwallo na bara na hannu, sai da na sa aka saka shi a na'urar shagon muka ga ya tashi, muka juya bayansa a hasken waya muka duba ƙarzuwa, sannan ya biya. Da muka dawo na zaunar da shi ya buɗe sabon imel da lambar wayarsa, ya buɗe asusu da shi, ya kunna tsaron nan mai hawa biyu da ke neman lamba kafin a shiga. Ya ce ɗan baffansa na Kano shi ma yana shirin sayen tasa na'urar bayan Sallah. Na ce in ya saya su zo mu yi magana, su biyu kawai, ban da abokin aboki.

Na ce ya rubuta kalmar sirrin da lambobin ko-ta-kwana a takarda ya ba uwarsa ta ajiye. Yaya ta karɓa, ta juya takardar gaba da baya, ta dube ni.

"Wannan ta banki ce?"

"A'a Yaya, ta gem ce."

Ta yi tsaki, ta ce Allah ya shirya mu daga ni har shi. Sannan ta buɗe akwatinta, ta ɗaga atamfofi, ta cusa takardar a cikin jakar da take ajiye katin zaɓe da rasit ɗin haya.